Yadda za ku samar da mutumin da zai sa ido kan kwamfutocin ma'aikatarku kafin ku sayi wata manhaja

Jama'a barkanmu da war haka. Wanga rubutu na masu kula da kwamfuta ne a ma'aikatu da kamfanoninmu na nan gida, ko asibiti ne ko makaranta ko ƙaramin banki ko injin casar shinkafa, tun daga Birnin Kebbi har Gusau, da kuma ogannin da ke sa hannu a fitar da kuɗin sayayya. Abin da ke damuna shi ne duk inda anka tayar da maganar tsaron kwamfuta tambaya guda za ka ji, wace manhaja za mu saya kuma nawa ce. Da wuya ka ji wanda ya ce to in mun saya ta yi ƙara wa zai duba, ƙarfe nawa zai duba, kuma in ya ga matsala wa zai kira.

A ƙarshen shekarar 2013 masu kutse sunka shiga kamfanin Target na Amurka, sunka kwashe bayanan katin banki kusan miliyan 40. Kamfanin na da manhajar tsaro ta FireEye mai tsadar gaske kuma ta yi aikinta, ta ga mugun fayil ɗin da masu kutsen sunka dasa ta tayar da alat, wato saƙon gargaɗi, masu sa ido da ke Bangalore a Indiya sunka gani sunka tura wa hedikwata a Minneapolis, daga nan maganar ta kwanta ba a ɗauki mataki ba har ɓarna ta auku. Kuɗin na'ura bai gagare su ba, mutumin da zai ce a tsaya a bincika ne bai motsa a kan lokaci ba. To mu da ba mu da kuɗin irin nasu ya kamata mu fi su riƙe ɓangaren mutum, don shi ne ke hannunmu.

Mataki na farko: a kama sunan mutum

Ba sashe ba, mutum. In anka ce aikin sashen ICT ne to na kowa ne, kuma babu mai yinsa. A rubuta a takarda cewa wane shi ke duba alat daga ƙarfe 8 zuwa 4, in ba shi nan wance ce, oga ya sa hannu. Kuma don Allah a rage masa wasu ayyukan, don yaron da ke gyaran firinta, shi ke haɗa majigi in za a yi taro, shi ake aika ya sayo data, ba zai samu natsuwar karanta rajistar da na'urori ke rubutawa ta abin da ke faruwa a cikinsu ba. Ko awa guda ce da safe a ware masa, a san cewa a wannan lokacin ba a kiransa sai gobara.

Wa ya dace a zaɓa? Ni dai a ganina mai yawan tambaya ya fi mai tarin satifiket, irin mutumin nan da in lissafi ya ƙi daidaita da naira hamsin ba ya iya barci. A watan Maris na 2024 wani injiniyan Microsoft mai suna Andres Freund ya lura shiga wata saba, wato kwamfutar da sauran ke ɗaukar aiki daga gare ta, ta hanyar SSH da ake shiga kwamfuta da ita daga nesa, ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, abin da kowa zai ɗora wa netwok ya wuce, shi ko ya bi diddigi har ya gano an dasa ƙofar baya, wato ɓoyayyar hanyar shiga, a cikin manhajar XZ Utils wadda ɗimbin kwamfutocin Linux ke amfani da ita. Irin wanga hali kuke nema, sauran ilimin ana koya.

Mataki na biyu: ku ƙirga kayanku

Wanga ba shi da wahala, yi ne kawai ba a yi. Kwamfuta nawa kuke da su, wa ke riƙe da kowace, rauta nawa, adireshin imel nawa ke aiki, su wa ke da ikon admin, wane ɗan kwangila ne ke iya shigowa daga nesa. Na Target ɗin nan ta hannun wani kamfanin kwangila mai kula da na'urorin sanyaya wuri anka samu hanyar shiga. A wurinmu abin da za ka fi tararwa shi ne akawun ɗin ɗan bautar ƙasa da ya gama ya koma garinsu tun bara har yanzu yana buɗe, ko wanda ya girka muku manhajar albashi ya bar AnyDesk, manhajar sarrafa kwamfuta daga nesa, a kan saba da fasawod ɗin da shi kaɗai ya sani. A rufe su yau. Sannan a ja layi a ƙarƙashin abu uku ko huɗu da in sun tafi ma'aikata ta durƙushe, misali imel ɗin akanta, sabar albashi, bayanan marasa lafiya ko sakamakon ɗalibai, nan ne idon mutumin naku zai fi zama.

Mataki na uku: a tara rajista wuri guda, a gyara agogo

Kowace kwamfuta da rauta da akwatin imel na rubuta abin da ya faru a cikinta, wa ya shiga, yaushe, daga ina. Matsalar ita ce a warwatse suke, kuma ɓarawo in ya shiga yana iya gogewa. Don haka ake tura su wuri guda. Masu hali na amfani da manhajojin tara rajista irin su Splunk ko Microsoft Sentinel, wanda ba shi da hali akwai Wazuh da Security Onion kyauta ne, kwamfuta guda mai ɗan ƙarfi da inbata ta ishe ƙaramar ma'aikata farawa.

Amma ga wani abu da ake rainawa, agogo. Tsofaffin kwamfutocinmu da batirin allonsu ya mutu, da an ɗauke wuta an tayar da janareta sai agogon ya koma wata shekara can baya, to in abu ya faru kana son jera shi daki-daki sai ka ga rauta ta ce ƙarfe 2 kwamfuta ta ce ƙarfe 9 na wata rana daban, ba ka iya haɗa labarin. A canza batirin, a saita kowace na'ura ta riƙa ɗaukar lokaci daga intanet. Kuma mai dubawa ya riƙa tuna cewa rajista da yawa da agogon UTC, wato agogon bai ɗaya na duniya, suke rubutu, mu ko a Najeriya muna gaba da awa 1, kar ka je ka tuhumi bawan Allah cewa ya shiga kafin lokacin aiki alhali agogo ne ya bambanta.

In Windows kuke amfani da ita akwai lambobi 'yan kaɗan da ya kamata mutumin naku ya haddace kamar lambar wayarsa: 4625 an gwada shiga an kasa, 4624 an shiga, 4720 an buɗe sabon akawun, 4732 an ƙara wani cikin rukuni irin na admin, 1102 an goge rajistar tsaro. Wagga ta ƙarshe in ta fito ba a jira sai gobe.

Mataki na huɗu: ya koyi yadda gidanku yake in lafiya lau

Nan ne zuciyar maganar, kuma nan ne babu manhajar da za ta yi muku. Maigadin unguwa da ya daɗe ya san wanda ke fita kafin asuba don zuwa fadama, ya san ƙarar mashin ɗin kowa, shi ya sa in baƙuwar tafiya ta gitta yake ɗaga tocila. Mai sa ido ma sai ya yi makonni yana kallon rajista babu abin da ya faru, yana rubuta abin da ya saba gani a littafi, kafin idonsa ya iya tsinto wanda ba a saba ba.

Kuma abin da anka saba a Kebbi da Zamfara ba shi ne wanda masu ƙera manhajar sunka sani ba. Ma'aikacinku na zaune a Jega yana amfani da datar waya, rajista ta nuna daga Legas ya shiga, don lambar IP ta kamfanin waya, wato adireshin da na'ura ke shiga intanet da shi, sau da yawa can take nunawa, wannan ba komai ba ne. Wanda ke aiki a Kamba bakin iyaka wayarsa na iya kama sabis na Nijar, manhaja ta yi ta ihu an shiga daga ƙasar waje. Lokacin aikin Hajji ko Umarar azumi za ka ga shiga daga Saudiyya, in oga ne kuma kowa ya san ya tafi to shi ke nan, in ko ka gan shi jiya a masallacin Juma'a to akwai magana. A cikin azumi mutane kan buɗe aiki bayan tarawi ko bayan sahur, ƙarfe 4 na dare a Ramadan daban yake da ƙarfe 4 na dare a sauran watanni. Ku tuna watan Satumba na 2021 da anka rufe layukan waya a Zamfara, mutane sun riƙa tsallakawa wasu jihohi don kawai su tura saƙo ko su duba imel, duk wata doka da anka saita wa manhaja a kan wurin shiga ta tashi aiki a lokacin, sai mai hankali da ya san halin da ake ciki ne zai iya rarrabewa.

To akasin haka ma na nan kuma shi ya fi haɗari. Ɓarawon da ya saci fasawod ɗin akanta ya shiga ƙarfe 10 na safe ranar Talata, manhaja ba za ta ga laifi ba don suna daidai, fasawod daidai, lokaci daidai. Wanda ya san cewa akanta ta haihu tana hutu tun makon jiya shi kaɗai zai ce a'a. Shi ya sa nake cewa mai sa ido ya riƙa samun takardar masu hutu da masu tafiya daga ofishin ma'aikata duk ranar Litinin, kuma ya zama mai shiga mutane, yana zama ana shan shayi da shi, ba wanda ya kulle kansa a ɗakin saba ba.

Mataki na biyar: alat ya shigo, sai mi?

Bari mu ɗauki misali mu bi shi a hankali. A ce kamfanin shinkafa ne a wajen Argungu, kaka ta yi ana sayen shanshera, kuɗi na fita kullum zuwa ga dillalai. Safiyar Alhamis mai sa ido ya ga alat cewa an ƙirƙiri sabuwar doka, irin wadda ke karkatar da saƙonni da kanta, a akwatin imel na jami'in sayayya. Alat ne mai launin rawaya, ba ja ba, irin wanda ake dannawa a wuce.

Abu na farko ya buɗe dokar ya karanta da idonsa. Sai ya ga sunanta ɗigo guda ne kawai, kuma abin da take yi shi ne duk saƙon da ke ɗauke da kalmar biya ko lambar asusu a ɗauke shi a kai wani fayil da ba a buɗewa, a kuma nuna an riga an karanta shi. Mutumin kirki ba ya ɓoye wa kansa saƙon kuɗi. Na biyu ya koma baya ya ga daga ina anka shiga lokacin da anka yi dokar, da wace na'ura, shin ita ce wayar da jami'in ya saba shiga da ita ko wata sabuwa ce. Na uku ya duba kwana biyu ko uku kafin nan, ko akwai saƙon da ya zo da link yana cewa akwatinka ya cika ka sake shiga. Na huɗu, kuma shi ne mutane ke jin nauyi, ya ɗaga waya ko ya taka da ƙafa ya je: Malam, barka da asuba, don Allah jiya da dare kai ka shiga imel ɗinka ka saita wani abu? Kar ya tura tambayar ta imel ɗin da ake zargi, don in ɓarawo na ciki shi zai ba da amsa, ya ce eh ni ne.

Kar ku raina wanga kira. A ƙarshen 2020 kamfanin FireEye da kansa, wanda aikinsa kenan tsaro, ta haka ya gano an shige shi. Alat ya nuna wani ma'aikaci ya yi rajistar waya ta biyu don karɓar lambar tabbaci da ake turowa bayan an sa fasawod, jami'in tsaro ya kira shi ya tambaya, ya ce shi bai yi ba. Daga wanga kira ne bincike ya kai ga badaƙalar kamfanin manhaja na SolarWinds, wadda kusan kwastomominsa 18,000 sunka sauke sabuntawar manhajarsa da masu kutse sunka gurɓata, har da ma'aikatun gwamnatin Amurka.

In jami'in sayayya ya ce ba shi ba ne, to sai a canza fasawod, a fitar da duk na'urorin da ke ciki, a duba lambobin waya da anka ɗaura wa akawun ɗin a cire baƙuwa, a ɗauki hoton dokar kafin a goge ta, sannan a faɗa wa akanta ya dakatar da duk biyan da lambar asusunsa ta canza a 'yan kwanakin nan har sai an kira dillalin a tsohuwar lambarsa da anka sani, ba wadda ke cikin saƙon ba. In kuma kwamfuta ce ake zargin ta kamu da manhajar da ke kulle fayiloli don neman kuɗin fansa, a zare wayar netwok a kashe wayifai amma kar a kashe ta, don akwai shaidar da ke ɓacewa da an kashe. Kowane mataki a rubuta shi da lokacinsa, ko da biro ne.

Mataki na shida: a ba shi iko a rubuce

Wallahi nan ne muke faɗuwa. Yaro ɗan mataki na 8 ya ga abin tsoro a akawun ɗin darakta, ya san abin da ya kamata amma wa zai iya rufe akawun ɗin ranka ya daɗe ba da izini ba, sai ya rubuta takarda, takarda ta bi ofis-ofis, kafin ta dawo kuɗi sun kai inda za su. Dole shugaban ma'aikata ya rubuta tun kafin komai ya faru cewa mai sa ido na da ikon rufe kowane akawun ko cire kowace kwamfuta daga netwok na ɗan lokaci, har da tasa, kuma in daga baya ta bayyana ba komai ba ne ba za a hukunta shi ba. In anka taɓa yi masa tsawa sau ɗaya don ya rufe a banza, an gama, gobe in ya ga na gaske zai yi shiru.

A haɗa da takarda guda mai lambobin waya: na oga, na akanta, na jami'in bankinku, na mai ba ku intanet, na wani ƙwararre a waje da za a iya kira in abu ya fi ƙarfinku. A buga ta a liƙa a bango, don ranar da anka kulle kwamfutoci ba za ka iya buɗe fayil ɗin da ke ciki ba.

Mataki na bakwai: a rage hayaniya

Manhaja sabuwar girkawa na iya zubo alat fiye da abin da mutum zai iya karantawa, kwana kaɗan sai ido ya saba ya daina gani. Duk ƙarshen mako a zauna a ɗauki alat ɗin da sunka fi yawan fitowa, a tambaya wanga ya taɓa zama gaskiya, in kullum sabar ajiyar kwafi ce ke tayar da shi ƙarfe 1 na dare a saita a ware ta, amma a rubuta dalili da sunan wanda ya ware. Manhajojin AI na yanzu na taimakawa wajen taƙaita rajista da fassara umarnin da ba ka gane ba, ku yi amfani da su, sai dai kar a kwafi bayanan marasa lafiya ko na albashi a zuba musu, kuma abin da sunka faɗa a ɗauke shi shawara, a koma rajista a tabbatar.

Mataki na takwas: Juma'a, Sallah da dare

Masu kutse na duba kalanda. A watan Fabrairu na 2016 da anka yi wa babban bankin Bangaladash sata, daren Alhamis anka tura umarnin fitar da kuɗi daga asusunsu da ke New York, don an san Juma'a hutu ce a Bangaladash, Asabar da Lahadi kuma hutu ne a Amurka. Dala miliyan 81 sun tafi Filifin. Wasu dala miliyan 20 da anka nufa Siri Lanka da su sun tsira, don an rubuta sunan gidauniyar da za a biya da kuskuren harafi, ma'aikatan wani banki da kuɗin sunka biyo ta hannunsu sunka tsaya neman ƙarin bayani.

Mu ma muna da irin wagga kafa, daga sallar Juma'a zuwa safiyar Litinin, da hutun ƙaramar Sallah da babba. Ƙaramar ma'aikata ba za ta iya ɗaukar masu aikin dare ba, na sani, amma za a iya zaɓar alat huɗu ko biyar mafi muni su riƙa zuwa wayar wanda ke kan duti, a riƙa karɓa-karɓa, a ba shi kuɗin data da ɗan alawus, kuma a saka doka cewa ba a fitar da babban kuɗi a jajibirin hutu sai mutum biyu sun amince baki da baki. In kun ba wani kamfani na Abuja ko Legas kwangilar sa ido dare da rana babu laifi, amma dole akwai naku na gida da za su kira, don su ba su san wa ya tafi Umara ba.

Sauran ma'aikata, da maganar doka

Sakatariya da kashiya da mai karɓar kati su ma idanu ne. A ba su lamba guda ta WhatsApp da za su turo hoton duk saƙon da bai kwanta musu ba, kuma wanda ya zo ya ce na riga na danna a ce masa sannu, mun gode da ka faɗa da wuri, kar a kunyata shi a gaban mutane, in ba haka ba na gaba ɓoyewa zai yi.

Doka kuma ta ba da wa'adi. Dokar kare bayanai ta 2023 ta ce in bayanan mutane sun fita ta hanyar da za ta iya cutar da su, a sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin awa 72 da sanin abin. Dokar laifukan intanet ta 2015 da anka yi wa gyara a 2024 ita ma ta sa awa 72 na kai rahoton hari ga ngCERT, cibiyar kula da harin intanet da ke ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Bankuna kuma suna da ƙa'idojin CBN a kan haka. Wa zai yanke cewa abin da ya faru ya kai a kai rahoto, wa zai rubuta, a san shi tun yanzu.

Sai horo. Duk wata uku a ware awa biyu, a zauna da oga da akanta da mai sa ido, wani ya karanto labari: yau Asabar, an kira an ce fayilolin albashi sun ƙi buɗewa, kowa ya faɗi abin da zai yi da wanda zai kira, a nan za ku gano lambar jami'in banki ta canza ko kwafin ajiya bai taɓa gwaduwa ba. Mai sa ido ya riƙa karanta kundin MITRE ATT&CK, kyauta ne a intanet, ya jera dabarun masu kutse ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauki guda a mako ya tambayi kansa in anka yi mana wagga a wace rajista zan gani. Ɗaliban kwamfuta na jami'ar Aliero da jami'o'in tarayya na Gusau da Birnin Kebbi da kwalejin Kaura Namoda da ke zuwa neman gurbin koyon aiki, a zaunar da ɗaya kusa da shi yana koyo ba tare da an ba shi ikon admin ba, kuma littafin nan da yake rubuta abin da anka saba gani ya zama na ma'aikata, a ajiye shi a ofis, don ranar da ya samu aiki a wani wuri wanda zai gaje shi ya samu inda zai fara.